Man Kaɗen da Na Shafa wa Maryama

Na yi wauta iri-iri a duniya, kuma ban saba ɓoye ta ba, don wautar da ka ɓoye ita 'ya'yanka za su ji a bakin maƙiyi. Ni ne mutumin da, makonsa na farko a Greensboro, ya tsaya yana gai da na'urar amsa waya, har da tambayar iyali da gajiya, yana mamakin rashin tarbiyyar matar da ba ta amsawa. Wannan ƙarama ce. Babbar ita ce wadda ta sa har yau in an taru wurin suna ko walima kuke jin tsofaffi suna ce mini Idi Mai Gunki, ku ma kuna dariya ba ku san mafarin ba. To ga mafarin. In kun gama karantawa kuka gane wane ne mai laifi, ku zo ku gaya mini, don ni dai har gobe ban gane ba.

Kakanku masassaƙi ne a wani ƙauye kusa da Tasawa. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, allon makaranta, duk aikinsa ne. Ni wata uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, mushe malaminmu ya ga kaina ba ya ɗauka, ni ma na ga bulalarsa ba ta yi mini ba, muka rabu lafiya na koma gindin ƙirya riƙe da gizago. Ɗan bokon da nake rubuta wannan da shi, a makarantar manya na tsinta. Abu biyu Baba ya dasa mini. Na farko, itace ba ya mutuwa, barci yake yi, in ya ji ƙishi zai yi magana, kai kuma ka ba shi man kaɗe ka ajiye shi a inuwa. Na biyu, kada ka taɓa sassaƙa fuska, don ranar gobe za a ce ka busa mata rai. Da waɗannan biyun na shigo Amurka, kuma su biyun ne suka haɗu suka kayar da ni.

Na bar uwarku Rabi da ku biyu, Zainabu da Sani, da kuma ciki. Bayan tafiyata ta haifi namiji, aka sa masa Habibu. Hotonsa ɗaya aka aiko mini, shi ma ya motsa lokacin ɗauka, fuskar ta zama kamar hayaƙi. A nan kuwa mu shida ne a gida ɗaya a East Greensboro, babbanmu Alhaji Mamman mai tasi, mutumin Damagaram, wanda in ya yi fatawa ba ya jiran a tambaye shi. Sai Malam Nasiru, Bakano, mai karatun sinadarai a jami'a, shi ne bakinmu da kunnenmu in Turanci ya yi nauyi. Aiki na samu a Summerfield wurin wata tsohuwar Baturiya mai dawaki huɗu, muna ce mata Madam. Mijinta Bafaranshe ne, ya rasu, ita ma ta daɗe a can ƙasarsu. Ranar da ta ji ina zagin doki da Faransancin kasuwar Maraɗi ta yi dariya har da riƙe shinge, ta ce in dawo gobe. Ita ce ta kai ni wurin lauya. Lauya ya ce in ta sa hannu cewa ni ma'aikacinta ne, takarduna za su fito, in sun fito zan iya kawo iyalina. Ku riƙe wannan: zuwanku duka yana cikin alƙalamin Madam.

Ranar da na fara shiga falonta da itacen murhu na ga abin. Mace ce ta itace a zaune bisa kujera, tsayinta kamar daga ƙasa zuwa ƙuguna, da yaro a cinyarta. Fuskarta doguwa, idanu manya, ba ta kallon yaron, ba ta kallona, tana kallon wani wuri bayan kaina har sai da na waiga. Rigar an yi mata layi-layi kamar kunyar gona, da sauran jan fenti da shuɗi nan da can, duk ya yi ɓawo. Yaron kuwa ba shi da hannun dama, kuma fuskarsa ta dattijo ce, kamar wanda ya san abin da ke tafe. Na yi a'uziyya da ƙarfi har icen ya zube.

"Kada ka ji tsoro, Idi," in ji Madam. "Maryama ce da ɗanta."

"Wace Maryama? Uwar Annabi Isa?"

"Ita. Ka san ta?"

"Madam, sura guda gare ta a wurinmu. Amma ba a ce mana tana Summerfield ba."

Ta ce daga wani ƙaramin coci ta fito a tsakiyar duwatsun Faransa, ta zauna a gidan dangin mijinta kaka da kakanni, kuma ta haura shekara ɗari bakwai. Ta ce kafin mijin ya rasu ya sa ta yi alkawarin ba wa gidan tarihi ita, mutanensu za su zo bayan hunturu su duba. Na koma gida kaina yana juyawa. Alhaji Mamman ya ajiye lomar tuwon semo ya ce gunki ne, kada in taɓa, kada in kalla, in kuma dole ta sa na shiga falon in shiga da ƙafar hagu kamar bayi. Malam Nasiru ya ce haba Alhaji, waɗannan mutanen ba bauta suke yi ba, kayan tarihi ne kawai, kamar tsohon takobi. Na yarda da Nasiru kwana biyu, sai na tarar da Madam ta kunna kyandir a gabanta tana motsa baki. Na koma wa Alhaji. Da na tambaye ta, ta ce ba itacen take roƙo ba, hira suke yi. Na rasa ɗakin da zan sa wannan magana.

Abin da ya ƙarasa rikita ni, rannan Madam ta ce in taya ta matsar da teburin. Na naɗe hannu da tsumma don fatawar Alhaji, na zagaya ta baya, sai na tsaya cak. Bayan a rarake yake kamar turmi. An ƙwaƙule cikin don kada itacen ya tsage in ya bushe, abin da Baba ke yi ke nan. Ga sawun gizago nan ɗaya bayan ɗaya kamar jiya aka sara, kuma duk sun karkata gefe guda. Na sa yatsa, na manta da tsumma. Bahago ne ya yi aikin. Babana bahago ne, na girma ina kallon irin wannan sara. Har na ga inda gizagonsa ya dakushe ya tsaya ya wasa, don daga nan saran ya koma sumul. A wani tsagi kuma an liƙa ƙyalle kafin a shafa farar ƙasa a bi da fenti. Daga ranar abin ya rabu mini biyu. Ta gaba gunki ce, ina sunkuyar da kai. Ta baya aikin wani talaka ne da ya yi gumi, mai yiwuwa ma ba a biya shi da wuri ba, kuma in Madam ba ta kusa nakan zagaya in gaishe shi.

Ana haka wani mutumin Tasawa ya zo, ya kawo mini saƙo daga gida: kaset ɗaya da gwangwanin madara cike da man kaɗe. A lokacin haka muke wasiƙa, mu da ba mu da alƙalami. Na shiga tasin Alhaji da hantsi na sa kaset, Nasiru yana gaba yana jiran a kai shi makaranta. Uwarku ta gai da kowa da sunansa, ta ba da labarin damina, da akuyar da ta haifi biyu, da haƙorin Sani. Ku ma kun yi magana. Sai da kaset ya kusa ƙarewa ta ce Habibu ya koma, ƙyanda ce, wata biyu ke nan, ba ta so a gaya mini ta waya. Ta ce man nan ragowar wanda take shafa masa ne, in riƙa shafawa a ƙafa, an ce sanyin can yana tsaga fata. Daga nan sai ƙarar kaset. Alhaji ya yi addu'a, Nasiru bai je makaranta ba ranar. Ni kuwa na sa gwangwanin a aljihun kwat, ban buɗe ba, ban kuma iya ajiye shi a gida ba. Madam ban gaya mata komai ba. Me zan ce? Yaron da ban taɓa ɗauka ba?

Da sallarsu ta cin talo-talo ta zo a farkon hunturu, Madam ta tafi wurin 'yarta mako guda. Ta bar mini dawaki da shukokin falo, ta ce in bar hita mai ɗumama gida a kunne don kada bututun ruwa ya daskare. Rana ta uku da azahar ina zuba wa shuka ruwa, gidan tsit, sai na ji ƙas. Duk wanda ya tashi gidan sassaƙa ya san wannan ƙara. Na matsa. Teburin ya cika da ɓarɓashin fenti kamar ɓawon gyaɗa, ga sabon tsagi ya taso daga wuyan yaron ya haura kumatunsa. Iskar hita tana bugun su kai tsaye, dare da rana. Na ruga wurin waya na buga lambar 'yar. Na'urar nan ce ta amsa, tsohuwar abokiyar gabata. Wannan karon ban tambaye ta iyali ba, na ce da Faransancina Maryama tana tsagewa, a kira ni. Na zauna har la'asar ba wanda ya kira. Na sake jin ƙas.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na rage hita, na ajiye kwanon ruwa kusa da tebur, wannan dai kowa ya ce daidai ne. Sai hannuna ya shiga aljihu. Na ɗumama man a tafina kamar yadda ake yi, na yi bismilla, ban san ko ya halatta ba, na shafa. Itacen ya sha kamar ƙasar rani. Na bi kowace kunya ta rigar, na bi yatsun uwar, na cika tsagin. Kafin rana ta faɗi gwangwanin ya koma rabi. Jan ya fito kamar jinin rago, shuɗin ya koma kamar sabon rini, duk abin yana ƙyalli. Na ja da baya na ce, to bahago, ga aikinka na farfaɗo maka. Wallahi har ina hango Madam tana ƙara mini hutu.

Da ta dawo ina ɗauke da akwatinta a baya. A bakin falo ta tsaya tana shaƙar iska, don ɗakin yana wari kamar rumfar mai a kasuwar Tasawa. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta zauna a ƙasa da kwat ɗinta, tsohuwa mai ciwon gwiwa.

"Idi, me ka yi mata?"

"Ƙishi take ji, Madam. Na ba ta mai."

"Mai."

"Mai kyau ne, na gida. Ba gauraye."

Ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta ce in tafi gida, za ta neme ni. Ranar da lauya ya sa mana don Madam ta sa hannu ta zo ta wuce, waya ba ta yi ƙara ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi a gida, kuma a cikinsu na samu suna. Alhaji Mamman ya tafa hannu ya ce, "Kai da aka ce ko kallo kada ka yi, har da shafa mai? Saura kwalli da lalle!" Kafin Juma'a labari ya kai masallaci, kafin wata Juma'ar ya kai Tasawa, ya ƙaru a hanya har an ce ina yanka mata kaza. Ga ni a kotu biyu. Mutanena sun ce na yi wa gunki hidima, Madam ta ce na kashe shi. In na tuba daga wannan sai in ga na amsa wancan. Na ce wa Allah, Kai dai Ka san itace na gani yana tsagewa. Sai wata zuciyar ta ce, Idi, itace kawai ka gani? Na bar maganar nan.

Rana ta goma sha biyu Madam ta kira, ta ce in zo da mai jin Turanci. Ni da Nasiru muka tarar da wata doguwar mata da aka ɗauko daga nesa, aikinta jinyar tsofaffin sassaƙa. Tana da fitila a goshi da tsinke mai auduga, tana taɓa Maryama kamar mai cire ƙaya daga ido. Ta ce man ya ratsa fentin ya shiga farar ƙasar da ke ƙarƙashi, ya narkar da ɗankon da ke riƙe su, zai yi ta baƙi yana kama ƙura. Na ce wa Nasiru ya gaya mata abu mai sauƙi ne, in an kankare duka zan sayo fenti mai kyau in sake mata, ja da shuɗi, ba zan karɓi ko kwabo ba. Nasiru ya dube ni.

"Malam Idi, wannan ba zan fassara ba."

"Fassara mana. Gyara nake nema."

Ya fassara. Matar ta dafe tebur. Ta ce ɓawon nan da nake rainawa shi ne dukiyar, tsufan ake zuwa kallo. Ta kira ni ta nuna mini da madubin ƙara girma, a gefen wani tsagi: fenti bisa fenti, hawa biyar. Ta ce duk bayan wasu zamunna sai wani mutumin ƙauyen ya ga Maryama ta koɗe, ya ji tausayi, ya shafa mata abin da yake da shi. Akwai ma wanda ya yi mata fentin amalanke. Na ce to tsaya. Waɗancan biyar sun shafa nasu ya zama tarihi, ni na shafa nawa ya zama ɓarna, mene ne bambancin? Nasiru ya share gumi ya fassara. Matar ta yi wata 'yar dariya ta ce in dawo bayan shekara ɗari uku ta ba ni amsa. Ta ƙara da cewa gaskiyata ɗaya, hitar ce ta fara cutar da ita, na gane ciwon, maganin ne na kuskure. Don in rage kunya na ce, ai dai bahago ne ya sassaƙa ta. Ta zagaya baya da fitilarta, ta daɗe, ta fito tana kallona wani iri, ta rubuta a littafinta. Har yau ban sani ba ko da sunana ta rubuta.

Hukuncinta shi ne, za ta iya zuƙe yawancin man daga rigar uwar, a hankali, cikin watanni. Amma yaron ya fi shan mai, musamman fuska, nan ba abin da za a yi, haka zai zauna da duhu. Mutanen gidan tarihi suka zo bayan hunturu, suka duba, suka ce za su yi shawara. Ba su dawo ba. Alkawarin da Madam ta yi wa mamacinta, ni na karya shi da rabin gwangwani.

Amma a ranar da doguwar matar nan ta duba Maryama, kafin mu fita, Madam ta tambaye ni inda na samu man. Na ce matata ce ta aiko. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sai Nasiru ya juya ya yi mata Turanci mai tsawo, murya ƙasa-ƙasa, na ji sunan Habibu a ciki. Na so in toshe masa baki. A mota na ce me ka gaya mata? Ya ce sinadarai. Bayan kwana uku ta kai ni wurin lauya da kanta, ta sa hannu. A bakin ƙofa ta ce daga yau aikina dawaki ne, kada ƙafata ta sake taka falonta. Na yi mata shekara shida bayan haka, ba ta taɓa rage mini komai ba, ba ta kuma sake dariyar Faransancina ba. Ko yafewa ce wannan, ko horo ne, ku da kuka yi jami'a ku faɗa.

Da kuka iso, Madam ta ce in kawo mata matata su sha shayi. Rabi ta sa atamfarta mai kyau. Ba su da yare ɗaya, ni kuma an hana ni falo, sai na tsaya a bakin ƙofa ina jefa fassara daga nesa kamar mai ba kaji tsaba. Madam ta kama hannunta ta kai ta gaban teburin. Na hango uwarku tsaye, hannu a ƙirji, ba ta yi a'uziyya ba. Rigar uwar ta koma koɗaɗɗiyarta kamar da. Yaron kuwa yana nan a cinya, baƙi sumul, kamar ɗan Tasawa da aka yi wa wanka. Rabi ta sunkuya ta shinshina kansa. Ta miƙe, ta gode wa Madam da Hausa, Madam ta amsa da Faransanci, ba wadda ta nemi in fassara.

A hanyar komawa ina ta zuba, ina nuna mata gonaki da dawaki, ina ba ta labarin fentin amalanke don ta yi dariya. Na san sunan Mai Gunki ya riga ni zuwa kunnenta tun a gida, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Sai da muka tsaya a jar wuta, tana kallon waje, ta ce:

"Malam, da yaron ka fara, ko?"

Wuta ta ba da hannu, na baya ya danna mini oda, na ja mota.